NAZARI: Abin da titin Abuja zuwa Kano ya fallasa game da yadda Najeriya ke tsara ayyukan raya ƙasa

A watan Disamba na 2017 ne Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaran titin da ya tashi daga Abuja ya ratsa Kaduna da Zariya ya dire a Kano. Tsawonsa kilomita 375 ne, kuɗin aikin Naira biliyan 155, wa'adinsa shekara uku. A watan Maris na 2021, daidai lokacin da wa'adin ke dab da cika, majalisar ta sake zama ta ɗaga kuɗin zuwa Naira biliyan 797. An buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Kano a watan Mayu na 2023, ana saura 'yan kwanaki Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka daga mulki. Ɓangaren Abuja zuwa Kaduna kuwa, mai tsawon kilomita 165, ya ci gaba da jan ƙafa, har Ma'aikatar Ayyuka a ƙarƙashin Minista David Umahi ta soke kwangilarsa a watan Nuwamba na 2024 bayan saɓani a kan farashi. A farkon 2025 aka miƙa aikin ga wani kamfani dabam, aka kuma sauya shawara cewa da kankare za a shimfiɗa titin.

Wannan titi shi ne ƙofar da ta haɗa babban birnin ƙasa da Arewa maso Yamma. Ta nan tirelolin hatsi daga Dawanau, da shanu, da tumatirin Kadawa ke gangarawa kudu, ta nan kuma mai da siminti da kayan masana'antu ke haurowa. Idan aikin da ke da irin wannan muhimmanci, wanda fadar shugaban ƙasa da kanta ta ɗauke shi a matsayin abin alfahari, ya haura shekara bakwai bai kammala ba, to ya dace a duba abin da ke faruwa tun daga teburin da ake tsara ayyukan gwamnati. Labarin titin ya nuna wurare uku da igiya ke tsinkewa: tsakanin tsari da kwangila, tsakanin kwangila da kasafin kuɗi, sannan tsakanin gini da hidimar da aka yi ginin dominta.

Tsare-tsare jibge, aiki kaɗan

Najeriya ba ta taɓa rasa takardun tsari ba. Shirin raya ƙasa na farko bayan samun 'yancin kai ya shafi 1962 zuwa 1968, kuma a cikinsa ne aka gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda har gobe take ba da wutar lantarki. Daga nan aka yi na biyu da na uku da na huɗu har zuwa 1985. Bayan su sai aka shiga zamanin manufofi masu sunaye: Muradun 2010 a mulkin Janar Sani Abacha, shirin NEEDS a zamanin Olusegun Obasanjo, Muradun 2020, da shirin farfaɗo da tattalin arziki na 2017 zuwa 2020.

A 2014 an fitar da babban kundin tsara ababen more rayuwa na shekara 30, wanda ya ƙiyasta cewa ƙasar na buƙatar kimanin dala tiriliyan 3 domin cike giɓin hanyoyi da lantarki da ruwa da gidaje. Da aka sabunta shi a 2020 sai ƙiyasin ya koma dala tiriliyan 2.3. Shirin raya ƙasa na 2021 zuwa 2025 kuma ya ɗora burinsa a kan Naira tiriliyan 348, amma kusan tiriliyan 50 kacal aka sa ran za su fito daga aljihun gwamnatoci. Sauran, wato kusan tiriliyan 298, an jingina su ga 'yan kasuwa masu zaman kansu. Ma'ana, kashi 85 cikin 100 na shirin ya rataya ne a kan kuɗin da gwamnati ba ta da iko da su.

Babbar illar waɗannan kundaye ita ce babu abin da ke tilasta wa mai rubuta kasafin kuɗi ya bi su. Minista na iya kawo aikin da babu shi a kowane tsari, ɗan majalisa na iya cusa nasa, sabuwar gwamnati na iya watsar da abin da ta tarar. Kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya bayar da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da aka fara ba a kammala ba.

Tsinkewa ta farko: a ba da kwangila, a yi nazari daga baya

Hujjar da gwamnati ta bayar a 2021, lokacin Babatunde Fashola na ministan ayyuka, ita ce an sauya fasalin aikin ne daga gyara zuwa sake gina titin baki ɗaya. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya, domin titin ya tsufa, kuma yi masa faci zai zama asarar kuɗi. Sai dai ta haifar da wata tambaya: tsufan titin ai ba a 2021 ya fara ba. Da an yi cikakken binciken ƙasa da ƙidayar manyan motocin da ke bi kafin a sa hannu a 2017, da tun farko an san cewa gyara ba zai wadatar ba.

Wasu kan ɗora laifin a kan faɗuwar darajar Naira. Lissafi bai goyi bayan hakan ba a wannan gaɓa. A farashin hukuma na 2017, kusan Naira 305 a kan dala ɗaya, biliyan 155 ta kama kimanin dala miliyan 500. A farkon 2021 kuwa, biliyan 797 ta kai kimanin dala biliyan 2. Ko da ma'aunin dala ne, kuɗin ya ninka sau huɗu. Kuma ƙarin ya faɗa hannun kamfanin da ke riƙe da aikin, a lokacin da gwamnati ba ta da sauran ƙarfin ciniki, domin injina sun riga sun sauka, an fasa titi, jama'a na kuka. Duk wanda ya san ciniki ya san cewa mai gida ya fi ƙarfin magana kafin magini ya yaye rufi.

Faɗuwar Naira ta yi tasirinta ne daga baya. Bayan da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta haura Naira 1,500 a 2024. Kwalta da dizal da kayan gyaran injina duk suka yi tashin gwauron zabo. Aikin da aka gama a kan wa'adinsa na farko da bai gamu da wannan guguwa ba. Jinkiri kansa kuɗi ne, kuma talakan da ba a shawarce shi ba ne ke biya.

Akwai kuma batun tsaro. Yankunan Rijana da Katari sun yi ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane, abin da ya dagula aiki ya kuma kori matafiya zuwa jirgin ƙasa. A ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, suka kashe fasinjoji suka yi awon gaba da wasu da dama, aka dakatar da zirga-zirga har zuwa Disamba. Titi da layin dogo suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa a cikin daji ɗaya, amma ma'aikatu dabam-dabam ne suka tsara su, kuma tsaron dajin bai samu gurbin da ya dace a lissafin kowannensu ba.

Tsinkewa ta biyu: kasafin da ke yayyafi maimakon ruwa

Dokar sayen kayayyaki da ba da kwangiloli ta 2007 ta tanadi cewa kada hukuma ta ƙulla kwangila sai ta tabbatar akwai kuɗin biya a ƙasa. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta wannan shekarar kuma ta wajabta tsara kasafi bisa hasashen shekara uku. A aikace, ana ba kowace ma'aikata wani adadi da ba za ta haura ba, ita kuma sai ta rarraba shi a kan ɗaruruwan ayyukan da ta riga ta ɗauko. Titin da ke buƙatar biliyan 100 sai a ware masa biliyan biyu ko uku a shekara, a saki rabi. Ɗan kwangila ya yi aikin wata biyu ya kwashe injinansa, damina ta zo ta wanke abin da ya yi, baɗi a sake biya.

Gwamnati da kanta ta san cewa kasafinta ba ya iya gama babban aiki, shi ya sa take ta neman hanyoyin kewaye shi. A 2017 ta fara sayar da takardun Sukuk na Naira biliyan 100 domin wasu zaɓaɓɓun hanyoyi. A 2018 ta kafa asusu na musamman a ƙarƙashin hukumar zuba jari ta NSIA domin titin Abuja zuwa Kano, da na Legas zuwa Ibadan, da gada ta biyu a kan Kogin Neja. Dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020 ma waɗannan ayyuka uku aka ware wa. A 2019 aka ƙirƙiro tsarin da kamfanoni ke gina titi a cire musu daga harajinsu. Waɗannan dabaru sun taimaka, gadar Neja ta biyu shaida ce. Amma kowace dabara tana ceto ayyuka ƙalilan ne, ta bar dubbai a cikin tsohon rami.

Majalisar Tarayya na da nata kason na alhaki. A 2017 Fashola ya fito fili ya koka cewa 'yan majalisa sun zaftare kuɗin titin Legas zuwa Ibadan daga Naira biliyan 31 zuwa biliyan 10, suka karkatar da rarar zuwa ƙananan ayyuka. Da Buhari ke sa hannu a kasafin 2018, ya ce majalisa ta rage Naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700, ta shigar da nata 6,403 na biliyan 578. A watan Maris na 2024 Majalisar Dattawa ta dakatar da Sanata Abdul Ningi bayan hirarsa da Sashen Hausa na BBC, inda ya yi zargin cewa akwai tiriliyoyin Naira a kasafin shekarar da ba a danganta su da takamaiman ayyuka ba. Ƙungiyar BudgIT mai bibiyar kasafi ta ce a na 2025, mai Naira tiriliyan 54.99, majalisa ta cusa ayyuka 11,122 na kusan tiriliyan 6.9.

'Yan majalisa suna da amsa, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce tsarin mulki ya ba su ikon amincewa da kasafi, kuma ba don ayyukan mazaɓu ba, da ƙauyuka da yawa ba za su taɓa ganin ko rijiyar burtsatse ta gwamnatin tarayya ba. Gaskiya ne cewa jami'in da ke zaune a Abuja bai san ƙishirwar ƙauyen da bai taɓa takawa ba. Matsalar ita ce hanyar da ake bi. Aikin da aka cusa a daren ƙarshe ba shi da taswira, ba shi da ƙiyasin injiniya, sau da yawa ma akan ajiye shi a hukumar da ba ta da alaƙa da shi, kamar a ba cibiyar binciken noma aikin kafa fitilun kan titi. Buhari da kansa ya ce a 2019 an kashe kusan Naira tiriliyan ɗaya a kan ayyukan mazaɓu cikin shekara goma ba tare da an ga tasirin a zo a gani ba, kuma a wannan shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin sawun irin waɗannan ayyuka.

Sannan ga nauyin bashi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya lashe fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Idan kuɗi suka gaza, albashi da bashi ake fara biya, manyan ayyuka su jira. Wannan ne ya jawo al'adar tsawaita wa'adin kasafi, har ta kai a 2024 ana gudanar da kasafin 2023, da ƙaramin kasafinsa, da na 2024 a lokaci guda. A irin wannan yanayi, ko ƙwararren mai binciken kuɗi zai sha wuya kafin ya gane wane kasafi ne ya biya wane aiki.

Tsinkewa ta uku: gini ba hidima ba ne

Ko an gama aiki, saura babbar jarrabawa, wato kula da shi. An gina titin saukar jiragen sama na Abuja a farkon shekarun 1980 da ƙiyasin zai yi shekara 20. An bar shi ya wuce wa'adinsa da fiye da shekara goma, har ya lalace ta yadda dole aka rufe filin jirgin na mako shida daga watan Maris na 2017, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. A lokacin ne aka yi wa titin Abuja zuwa Kaduna kwaskwarimar gaggawa aka jibge masa jami'an tsaro, saboda manya za su bi. An kafa hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA tun 2002, amma kuɗin da take samu bai taɓa yin daidai da tsawon hanyoyin da ke wuyanta ba.

Mutanen Maiduguri sun ɗanɗana mafi munin sakamakon irin wannan sakaci. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, ya shiga asibitin koyarwa da kasuwa da gidan yari, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Shekara 30 kafin nan, a 1994, madatsar ta taɓa jawo ambaliya a birnin. Bayan ɓarnar ce gwamnatin tarayya ta amince da Naira biliyan 80 domin sake gina ta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma a siyasar ƙasar nan magani ne ke da bikin yanke ƙyalle da hoto a jarida.

Haka abin yake a fannin lafiya. Najeriya na da cibiyoyin lafiya a matakin farko kimanin 30,000. A watan Janairu na 2017 aka ƙaddamar da shirin farfaɗo da 10,000 daga cikinsu, aka fara da ta Kuchingoro a Abuja. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. Gina ɗakin shan magani abu ne mai sauƙi ga ɗan majalisa ko wata hukumar tarayya. Ɗaukar ungozoma, da biyan albashinta, da samar da magani da ruwa da wuta, nauyi ne na jiha da ƙaramar hukuma, waɗanda galibi ba a tuntuɓe su ba kafin a aza tubali. Sakamakon shi ne gini mai sabon fenti da kwaɗo a ƙofa, mace mai naƙuda kuma a bayan babur ana neman babban asibiti.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, zai iya sauya wannan lissafi idan aka aiwatar da shi da gaske. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ma ya ƙaru sosai a adadin Naira tun bayan cire tallafin mai. Abin lura shi ne inda ƙarin ke tafiya: gadojin sama a manyan birane, ko malamai da ma'aikatan jinya da famfunan da ke kawo ruwa. Duk wannan tsari kuma ana yin sa ne a ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006, bayan an ɗage wadda aka shirya yi a 2023. Mai tsara makaranta ko asibiti yana aiki ne da hasashe a kan hasashe.

Gyaran da ba ya buƙatar sabon kundi

Mafi yawan abin da ake buƙata yana cikin dokokin da ake da su. Na farko, kada aiki ya shiga kasafi, ko daga minista ya fito ko daga ɗan majalisa, sai yana da taswira da ƙiyasi da aka tantance. Na biyu, a fifita kammala tsofaffin ayyuka a kan fara sababbi, a kuma ware wa kowane babban aiki kuɗin da zai kai shi ƙarshe cikin shekarun da aka ɗiba. Na uku, duk ƙarin kuɗin kwangila da ya wuce wani mizani a wallafa dalilansa, a kuma sake buɗe takara idan fasalin aikin ya sauya baki ɗaya. Na huɗu, kafin a aza harsashin asibiti ko makaranta ko madatsa, a samu rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace wanda zai biya ma'aikata da kuɗin gyara.

Masu mulki ba za su ɗaura wa kansu wannan takunkumi don raɗin kansu ba, domin tsarin da ake kai yana yi musu daɗi: ana samun yabo ranar aza harsashi, ana samun wani ranar buɗewa, babu mai tambaya a tsakani ko bayan nan. Matsin lamba daga waje zai zo, kuma kayan aikinsa na nan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun kwangila, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ofishin kasafi na tarayya na wallafa kasafin kowace shekara a intanet, layi bayan layi. Shirin Tracka na BudgIT na taimaka wa al'ummomi su gano ayyukan da aka rubuta da sunan garuruwansu.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, za a ga ƙarin bukukuwan aza harsashi da allunan kwangila a bakin hanya. Matashin da ke son auna ɗan takara yana da tambayoyin da suka fi adadin ayyukan da aka lissafa masa nauyi: nawa aka fara cewa aikin zai ci, nawa ya ci a ƙarshe, yaushe aka ce za a gama, daga wane asusu ake biya, kuma wa zai kula da shi bayan an watse daga wajen biki. A kan titin Abuja zuwa Kano, amsar tambaya ta farko da ta uku tana rubuce tun 2017: Naira biliyan 155, shekara uku. Sauran amsoshin haƙƙi ne da direbobi da fasinjojin da suka sha kwana a cunkoson wannan hanya ke bin Ma'aikatar Ayyuka.